Maganin sukari, na kitsen jini, na tayirod da na ƙiba: wanne ke taɓa ƙwaƙwalwa, wanne ake zarga a banza?

Mai ciwon sukari da ya fara mantuwa galibi yana shan magani huɗu ko biyar a lokaci guda: na sukari, na kitsen jini, na hawan jini, wani lokaci har da na zugin ƙafa. Da zarar iyali sun lura yana maimaita tambaya ko yana rasa inda ya ajiye kaya, sai a ɗora laifin a kan ɗaya daga cikin ƙwayoyin. Sau da yawa wanda aka kama ba shi ne mai laifin ba. Akan dakatar da maganin kitsen jini, wanda manyan gwaje-gwaje suka wanke, a bar wanda ke faɗar da sukari tsakar dare yana ta ɓarna.

Kafin a hau kan magani, a san cewa ciwon kansa yana cin ƙwaƙwalwa. Ciwon sukari nau'i na biyu yana ƙara haɗarin gigin tsufa da kashi 50 zuwa 60 cikin 100, musamman irin gigin da lalacewar ƙananan hanyoyin jini ke kawowa. Binciken Whitehall II, wanda ya bi ma'aikatan gwamnatin Birtaniya fiye da 10,000 tsawon shekaru, ya nuna a 2021 cewa wanda ciwon ya kama da wuri ya fi shiga haɗari. Don haka barin magani saboda tsoron mantuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai kuma abin da zai taimaka wajen auna duk labarin da za a ji game da waɗannan magunguna. Bincike iri biyu ne. Na farko shi ne a bi takardun asibiti na dubban mutane, a duba wa ya sha me, wa ya kamu da me. Na biyu shi ne a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan magani, a ba waɗancan ƙwayar da ba komai a cikinta. Na farkon yana yaudara, saboda likitoci ba sa rubuta magani da ka. Ana ba da metformin ga wanda ciwonsa sabo ne kuma ƙodarsa lafiya lau, ana ba da insulin ga wanda ya shekara 15 da ciwon. Ko da magungunan biyu ba su taɓa ƙwaƙwalwa ko kaɗan ba, takardu za su nuna masu metformin sun fi masu insulin kaifin tunani. Idan iri biyun suka saɓa, gwajin ƙuri'a ake bi.

Faɗuwar sukari

A nan mafi yawan ɓarnar take. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na makamashinsa, wato wajen giram 120 na sukari a yini, kuma ba ta da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo mata a wannan mintin da shi take aiki. Sukari ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, gargaɗi ne. Ƙasa da 54 mg/dL, wato 3.0 mmol/L, tunani ya fara tafiyar hawainiya, lissafi na gagara, magana na sarƙewa. Mataki na uku shi ne lokacin da mutum ba zai iya taimakon kansa ba sai wani ya ba shi agaji.

Matashi yakan ji rawar jiki, gumi da bugun zuciya tun kafin kansa ya ɗaure, ya samu damar neman abu mai zaƙi. A wurin tsoho wannan tazarar ta ƙanƙance, ruɗewa kan zo tare da gargaɗin ko ma ta riga shi. Mai shan propranolol ko atenolol ya fi shiga wannan hali, domin suna danne rawar jiki da bugun zuciyar, gumi kawai ke saura. Wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa ma jikinsa na sabawa, ya daina ba shi labari. Faɗuwar dare tana da nata alamun: tashi da ciwon kai, rigar barci sharkaf, mugun mafarki, da safiyar da mutum ke zama kamar ba shi ba har sai ya ci abinci.

A 2009 Rachel Whitmer da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bin tsofaffi 16,667 masu ciwon sukari a Kalifoniya. Wanda sukarinsa ya taɓa faɗuwa har aka kai shi asibiti sau ɗaya, haɗarin gigin tsufansa ya ƙaru da kashi 26. Sau biyu, kashi 80. Sau uku ko fiye, kashi 94. Binciken Kristine Yaffe na 2013 ya nuna abin yana zagayawa ne: faɗuwar sukari na ninka haɗarin gigi, gigin kuma na ƙara yawan faɗuwar, saboda mai mantuwa yana shan ƙwaya sau biyu, ko ya yi allura ya manta bai ci abinci ba.

Da yawa sun ɗauka matse sukari sosai zai kare ƙwaƙwalwa. Gwajin ACCORD-MIND ya gwada haka a kan mutum 2,977: an nemi saukar da awon HbA1c, wato awon jinin da ke nuna matsakaicin sukari na watannin baya, na wasu ƙasa da kashi 6, wasu aka bar su tsakanin 7 da 7.9. Bayan wata 40 ba a ga bambanci a kaifin tunani ba. Babban gwajin da wannan yake cikinsa ma an dakatar da ɓangaren matsewarsa a 2008, saboda mace-mace sun fi yawa a can. Shi ya sa ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta Amurka ta sassauta wa tsofaffi: mai ƙarfin jiki ƙasa da 7 zuwa 7.5, mai cututtuka da yawa ko ɗan raunin tunani ƙasa da 8, wanda kuma jiki ya yi nisa a daina bin lambar, a tsare shi daga faɗuwa da kuma hauhawar da ke sa ƙishi da yawan fitsari.

Idan faɗuwar ta zo kuma mutum na iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari, wato babban cokali ɗaya a narke cikin ruwa, ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace. A sake awo bayan minti 15, a maimaita in bai haura 70 ba, sannan ya ci abinci sosai. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti.

Glibenclamide da 'yan gidansu

Waɗannan ƙwayoyi suna tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Suna da araha, suna sauke sukari da sauri, shi ya sa suka yaɗu. Amma ba ɗaya suke ba. Glibenclamide, wanda a Amurka ake kira glyburide, ya fi kowa haɗari: yana daɗewa a jiki, ragowarsa bayan hanta ta sarrafa shi tana ci gaba da aiki, kuma ƙoda ce ke fitar da ita. Tsohon da ƙodarsa ta rage ƙarfi yana tara shi. Faɗuwar da yake jawowa tana iya wuce awa 24, a ba mutum sukari ya farfaɗo, bayan 'yan awanni ya sake komawa. Irin wannan ba a gama da shi a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta sa gliclazide a madadinsa.

Gliclazide ya fi sauƙi domin ragowarsa ba ta aiki. Ana farawa da miligiram 40 zuwa 80, ko 30 na irin mai sakin kansa a hankali, tare da abincin safe. Glipizide ma gajeren zango ne. Glimepiride yana tsakani. Gwajin CAROLINA ya kwatanta glimepiride da linagliptin, ɗaya daga cikin sababbin magungunan sukari, tsawon kusan shekara shida, bai ga bambanci a raguwar tunani ba, duk da cewa faɗuwar sukari ta fi yawa nesa ba kusa ba a masu glimepiride. Wannan yana nuna ƙwayar kanta ba guba ba ce ga ƙwaƙwalwa, mummunar faɗuwa ce abin tsoro.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: wasu magungunan kwana biyar ko bakwai suna ƙara wa waɗannan ƙwayoyi ƙarfi. Co-trimoxazole, ciprofloxacin, clarithromycin da fluconazole suna cikinsu. Quinine shi kansa yana faɗar da sukari. Tsohon da ya rikice kwana biyu bayan fara maganin ƙwayoyin cuta, a fara da auna sukarinsa.

Insulin

Ba a samu hujjar cewa insulin kansa yana lalata tunani ba. Gwajin ORIGIN ya ba dubban mutane insulin glargine sama da shekara shida, tunaninsu bai bambanta da na sauran ba. Bambancin yana wajen irin insulin ɗin da tsarin yin sa. Irin da ake kira NPH yana kai ƙololuwar ƙarfinsa awa huɗu zuwa goma bayan allura, don haka wanda aka yi da daddare yana bugawa ne lokacin da mutum ke barci. Gaurayayyen insulin da ake kira 70/30 yana buƙatar a ci abinci a kan lokaci kullum, abin da mai mantuwa ba zai iya tabbatarwa ba. Glargine da degludec suna tafiya a shimfiɗe, faɗuwar dare ta fi ƙaranci da su.

Tsari mai allura huɗu a yini da lissafin adadi kafin kowane abinci aiki ne na ƙwaƙwalwa mai lafiya. Idan tunani ya fara rauni, ana sauƙaƙawa: a koma allura ɗaya mai dogon zango, a mayar da ita safe maimakon dare, a nemi sukarin safe ya tsaya tsakanin 90 da 150 mg/dL. In rabin awon mako ya haura haka, a ƙara yunit 2. In an samu ƙasa da 80 fiye da sau biyu a mako, a rage yunit 2. Wannan aikin likita ne tare da mai jinya. Hanya mafi sauri ta gane ko mutum na iya riƙe allurarsa ita ce a ce ya auna adadin ya yi a gaban ma'aikacin lafiya. Wanda ya kasa zana fuskar agogo da hannayensa daidai yakan yi kuskure a nan ma.

Metformin

Shi kaɗai ba ya faɗar da sukari, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa muke ganinsa zaɓi na farko ga mai fargabar mantuwa. Binciken tsofaffi a Sidni ta Ostareliya a 2020 ya ga masu shan sa sun fi jinkirin raguwar tunani, amma wannan binciken bin mutane ne. Waɗanda aka raba ta ƙuri'a a shirin rigakafin ciwon sukari na Amurka, da aka auna tunaninsu bayan shekaru, ba a ga bambanci ba. Don haka a sha shi don sukari, kada a sa ran zai ƙara kaifin kai.

Illarsa a ɓoye take zuwa. Yana rage shigar bitamin B12 ta ƙarshen ƙaramin hanji. Hanta tana da ajiyar shekara uku zuwa biyar, shi ya sa ba a ganin komai da farko. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta bayyana a 2022 cewa ƙarancin kan shafi har mutum ɗaya cikin goma. Haɗarin na ƙaruwa da yawan shekaru, da babban adadi kamar miligiram 2,000 a yini, da shan omeprazole ko makamancinsa na gyambon ciki, da rashin cin nama, kifi, ƙwai ko madara.

Abin da ya sa wannan ke wucewa ba a gane ba shi ne alamunsa sun yi kama da na ciwon sukarin kansa: ƙafa na mutuwa ko ana jin kamar ana tsira allura, tafiya na tangaɗi musamman cikin duhu, kasala, mantuwa, baƙin ciki. Sai a ce jijiya ce sukari ya ci, a ƙara maganin zugi. Kuma jijiyoyi na iya lalacewa tun jini bai nuna ƙaranci ba. A awon B12, ƙasa da 200 pg/mL ƙaranci ne, 200 zuwa 300 ana shakka, a nan awon methylmalonic acid, sinadarin da ke taruwa a jini in B12 ya yi kaɗan, ke raba gardama. Maganinsa ƙwayar maikirogiram 1,000 kullum, ko allurar miligiram 1 idan jijiyoyi sun taɓu, kuma ba sai an bar metformin ba. Wanda ya kai shekara huɗu yana sha ya kamata a riƙa duba masa a kai a kai. In aka yi jinkiri, wata ɓarnar ba ta komawa.

Sai batun ƙoda: ba a shan sa idan awon tacewar ƙoda, eGFR, ya yi ƙasa da 30, ana rage shi tsakanin 30 da 45, ana kuma ajiye shi na ɗan lokaci idan ana amai da gudawa.

Sababbin magunguna

Sitagliptin da linagliptin ba ruwansu da ƙwaƙwalwa, ba gyara ba ɓarna. Gwajin CARMELINA ya kwatanta linagliptin da ƙwayar da ba komai a cikinta, tunani ya tashi kunnen doki. Amfaninsu ga tsoho mai rauni shi ne sauƙi: ƙwaya ɗaya a yini, ba faɗuwar sukari, kuma linagliptin na miligiram 5 ba ya buƙatar sauyi ko ƙoda ta lalace. Ƙarfinsu wajen sauke sukari matsakaici ne. Saxagliptin da alogliptin a kauce musu ga mai gazawar zuciya.

Liraglutide, dulaglutide da semaglutide su ne aka fi ɗora wa fata. A gwajin REWIND, wani nazari na gefe da aka fitar a 2020 ya nuna dulaglutide ya rage raunin tunani da kashi 14 bayan an daidaita lissafi. Da aka haɗa gwaje-gwaje uku na liraglutide da semaglutide, an samu masu gigin tsufa 15 a ɓangaren magani, 32 a ɗaya ɓangaren, adadin da ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa. Sai aka yi gwajin kai tsaye: EVOKE da EVOKE+, mutum 3,808 masu farkon cutar Alzheimer, nau'in gigin tsufa mafi yawa, ana ba wasu ƙwayar semaglutide, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. A Nuwamban 2025 kamfanin Novo Nordisk ya sanar cewa maganin bai rage saurin cutar ba. Abin da ya tabbata game da su shi ne suna rage shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ga masu ciwon sukari, kuma wannan kariya ce ga ƙwaƙwalwa ta hanyar jini. Ga tsohon da dama ya rame, ba ya cin abinci, ba su dace ba: tashin zuciya da rashin sha'awar abinci za su ƙara zubar masa da tsoka. Idan aka haɗa su da gliclazide ko insulin, a rage waɗancan tun farko.

Empagliflozin da dapagliflozin suna zubar da sukari ta fitsari. Takardun asibiti na Ontariyo a Kanada da na Koriya ta Kudu sun nuna masu shan su ba sa kamuwa da gigin tsufa kamar masu shan sitagliptin da danginsa, da ragin kashi 20 a na farko, 35 a na biyu. Alama ce mai daɗi, amma ba ta fito daga gwajin ƙuri'a ba. Dalilin zaɓarsu na gaskiya shi ne gazawar zuciya da ciwon ƙoda, inda amfaninsu ya tabbata. Hanyar da suke iya rikita tsoho ita ce bushewar ruwan jiki: jiri idan an miƙe, faɗuwa, ruɗewa, musamman ga mai shan maganin sa fitsari wanda kuma yake manta shan ruwa. Suna iya kawo taruwar asid a jini alhali sukari bai hau sosai ba, don haka ana dakatar da su kwana uku kafin tiyata da duk lokacin da rashin lafiya ta hana ci da sha.

Pioglitazone an gwada shi musamman don rigakafin Alzheimer a gwajin TOMMORROW, aka dakatar a 2018 saboda ba alamar amfani. Ya rage haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya, a haɗe, ga waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki a gwajin IRIS na 2016, sai dai yana tara ruwa a jiki, yana ƙara karaya, kuma bai halatta ga mai gazawar zuciya ba.

Maganin kitsen jini

Tsoron da ake wa simvastatin, atorvastatin da 'yan uwansu yana da tushe. A Fabrairun 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗi a takardarsu cewa an samu rahoton mantuwa da ruɗewa. Rahotannin na ɗaiɗaikun mutane ne, alamun ba masu tsanani ba, suna gushewa cikin kusan mako uku bayan an daina. Gwaje-gwajen ƙuri'a ba su ga abin ba. Heart Protection Study ya ba mutum 20,536 simvastatin 40 ko ƙwayar da ba komai, PROSPER ya ba tsofaffi 5,804 'yan shekara 70 zuwa 82 pravastatin, HOPE-3 ya gwada rosuvastatin. Duk ukun tunani bai bambanta ba.

Akan ce ai ƙwaƙwalwa kitse ce, in an rage kolestarol za ta yunwata. Gaskiya ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kolestarol ɗin jiki yana cikin ƙwaƙwalwa, amma ita ke ƙera nata, ba ta ɗebo na jini. Gwajin EBBINGHAUS na 2017 ya bi mutum 1,204, wasu an saukar musu da LDL, wato kolestarol mai toshe hanyoyin jini, ƙasa da 25 mg/dL da allurar evolocumab, tunaninsu bai taɓu ba. A 2024 kwamitin mujallar Lancet kan gigin tsufa ma ya sa hauhawar LDL a tsakiyar rayuwa cikin abubuwan da ke jawo cutar.

Duk da haka, wanda ya ce kansa ya yi nauyi makonni kaɗan bayan fara maganin, a saurare shi. Likita zai duba sauran dalilai, ya dakatar na mako biyu zuwa huɗu, sannan ya mayar. In alamun sun tafi sun kuma dawo, a sauya. Simvastatin da atorvastatin suna narkewa cikin kitse, sun fi ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Pravastatin da rosuvastatin suna narkewa cikin ruwa, su ake komawa. Wannan sauyin hankali ne ya ba da shi, manyan bincike ba su nuna rukunin biyu sun bambanta a gigin tsufa ba. A duba haɗuwa kuma: simvastatin ba ya wuce miligiram 20 tare da amlodipine, ba a haɗa shi da clarithromycin. Wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar jiki ba, ba a yi masa wannan dakatarwar.

Levothyroxine

Ƙarancin sinadarin tayirod, ƙullutun da ke gaban wuya, yana kawo nauyin tunani, mantuwa, jin sanyi da kasala, kuma levothyroxine yana gyara su idan ƙarancin na gaske ne. Matsalar tana gefe biyu. Wuce gona da iri, wato TSH, awon jinin da ke hawa in sinadarin ya yi kaɗan ya kuma faɗi in ya yi yawa, ya sauka ƙasa da 0.4, yana kawo rashin barci, firgita, rikicewar bugun zuciya da zaizayar ƙashi, kuma binciken Jami'ar Johns Hopkins na 2023 a kan tsofaffi kusan 66,000 ya danganta shi da ƙarin matsalar tunani. A ɗaya gefen, tsohon da TSH ɗinsa ya ɗan hau kaɗan alhali sinadarin kansa daidai yake, ba ya amfana: gwajin TRUST na 2017 a kan mutum 737 bai ga sauyi a kasala ko saurin tunani ba.

Babba mai lafiyar zuciya yakan buƙaci wajen maikirogiram 1.6 a yini kan kowane kilo na nauyin jikinsa, tsoho ana fara masa da 25 zuwa 50. A sake awo bayan mako shida zuwa takwas. A sha da ruwa minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a raba shi da ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam da awa huɗu, in ba haka ba za su riƙe shi a hanji, a yi ta ƙara adadi a banza.

Maganin ƙiba

A duk magungunan da aka ambata, wanda ke taɓa tunani kai tsaye, ba shakka, shi ne topiramate, da ake haɗawa da phentermine. Alamarsa sananniya ce: kalma na bakin mutum ta ƙi fitowa, hankali ba ya tsayawa, lissafi na jinkiri. Yana bin adadi: a gwaje-gwajen shekara guda, kusan mutum 8 cikin 100 a kan mafi girman adadi na 15/92, wato miligiram 15 na phentermine da 92 na topiramate, sun yi wannan kuka, 5 a kan 7.5/46, ƙasa da 2 a masu ƙwayar da ba komai. Yana warwarewa idan an rage, amma ba a yanke shi lokaci guda, saboda farfaɗiya. Ɗalibi, direba ko mai aikin lissafi ya yi tunani sosai kafin ya karɓa. Haɗin naltrexone da bupropion yana hana barci, rashin barci kuma yana cin ƙwaƙwalwa, sannan bai halatta ga mai farfaɗiya ba. Orlistat kusan ba ya shiga jini. Semaglutide da tirzepatide ba a san su da dushe tunani ba, amma amai na makonni, da su ko bayan tiyatar rage ciki, yana iya ƙarar da bitamin B1, ya kawo ruɗewa, tangaɗi da rikicewar motsin ido. Wannan na gaggawa ne.

To wa zai ɗauki wanne?

Ɗan shekara 50 mai lafiyar ƙoda: metformin, da awon B12 in shekaru sun taru, da maganin kitsen jini in an rubuta masa. In yana da ciwon zuciya ko ƙiba, a ƙara semaglutide ko dulaglutide. In gazawar zuciya ce ko ƙoda ta fara zubar da furotin, empagliflozin ko dapagliflozin. 'Yar shekara 78 da ke zaune ita kaɗai, ta fara mantuwa, cin abincinta ba tsari: a cire glibenclamide, a bar metformin in ƙoda ta yarda, a ƙara linagliptin, in insulin ya zama dole allura ɗaya da safe a hannun wani. Inda sababbin magunguna suka fi ƙarfin aljihu, ƙaramin adadin gliclazide da sassauta manufa ya fi glibenclamide da matsewa.

Kafin a sauya komai, a duba magungunan rakiya, domin sau da yawa a can matsalar take. Amitriptyline da ake bayarwa don zugin ƙafa, da oxybutynin na yawan fitsari, suna toshe acetylcholine, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen ajiye sabon abu. Wani babban bincike a Ingila a 2019 ya danganta shan irinsu mai yawa tsawon shekaru da ƙarin kusan kashi 50 na gigin tsufa. Pregabalin da gabapentin ƙoda ke fitar da su, suna taruwa su kawo barci da ruɗewa in ba a rage adadi ba. Hydrochlorothiazide, indapamide da duloxetine suna iya sauke gishirin jini, shi ma ruɗewa yake kawowa.

Lokacin da alamun ke zuwa yana nuna inda za a duba. Ruɗewar da ke zuwa kafin abinci ko da asuba, ta tafi bayan an ci, sukari ne: a auna a daidai lokacin, a kuma gwada awon ƙarfe uku na dare na 'yan kwanaki. Wadda ta fara cikin makonni bayan sabon magani ko ƙarin adadi, a tuhumi wannan maganin. Wadda ta lallaɓo cikin watanni tare da mutuwar ƙafa, B12 da TSH. HbA1c ƙasa da 6.5 a tsohon da ke kan insulin ko gliclazide alama ce ta magani ya yi yawa, sai dai awon ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, mai ƙarancin jini ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, a wurinsu awon yatsa ake bi. A je wa likita da dukan kwalayen magani, har da waɗanda aka saya ba takarda, tare da wanda ke zaune da mai ciwon, a nemi awon ƙoda, gishirin jini, B12, TSH da gajeren gwajin tunani irin su Mini-Cog ko MoCA. Ruɗewar da ta faɗo cikin awanni tare da karkacewar baki, raunin hannu ko sarƙewar magana, a auna sukari nan take in akwai na'ura a kusa, kuma ko mene ne ya nuna a wuce asibiti a lokacin.